Rakiyar Ɗan Fari Zuwa Jarrabawar Turanci

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba.

Wai na raka babban yarona makaranta, ranar da zai rubuta jarrabawar Turanci ta fita sakandare. A farke ban taɓa raka shi ko bakin layi ba. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na sakewa da shi a gaban mutane. Tun rasuwar mahaifinsa, wanda shi ne mai duba masa karatu, abin da nake iyawa kawai in kai cajin fitila, in kori ƙannensa waje idan ya buɗe littafi. Amma a mafarkin ga ni a gaba yana biye, na ɗauko littattafansa a ka cikin ƙwarya kamar mai tallar nono.

Hanyar ta ratsa kasuwa. Inuwar kowa tana tafiya gabansa, ita ke gaisawa da mutane, mai ita sai ya iso ya wuce. A gefen titi an baza kalmomin Turanci a tabarmi ana shanyawa kamar tattasai, dogayen kuma an rataye su a igiya. Ina kallo na yi tuntuɓe, ƙwaryar ta kife. Kalmomin cikin littattafan suka zube kamar wake, kaji suka yi caa a kansu. Na durƙusa ina kwasa da gefen mayafi, ban san nasa ba, ban san na mutane ba. Yaron ya ce in bar su, waɗanda kaji suka ci dama ba sa fitowa a jarrabawa.

Sai ga mu a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana taunar gefen takardar tambayoyi, ya ce haka ake gane mai wuya. Ya bayyana mana dokar bana: ba yaron da zai shiga sai uwarsa ta kira sunansa da ƙarfi. Matan da ke gabana suka riƙa kira, yara suna amsawa suna shigewa. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ɗan fari ne."

Bunsurun ya leƙa cikin wata tukunya, ya daɗe yana dubawa. "Ba mu da Ɗanfari. Akwai Ɗanjuma, in kina so."

Na juya wajen yaron. Yana ta goge takalminsa da bayan ƙafar wandonsa, kamar yadda yake yi tun yana firamare in ya rasa abin yi.

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a tsakar gidanmu, an jera bencuna har bakin rijiya. Waɗanda ke zaune ba ɗalibai ba ne, mutanen cikin littafin adabinsa ne. Akwai wani tsohon Bature da takobi, ya rasa inda zai jingine shi. Akwai wata mata siririya mai baƙaƙen kaya, ta matsa mini wuri, ta gaishe ni da Hausa tsaf, har da tambayar gajiya. Ta ce ta san ni sarai, ai kullum da yamma a bakin madafina ake karanta ta, har hayaƙin itacena ya kama mata riga. Na ba ta haƙuri, na ce yaron ne da son karatu da ƙarfi, na sha cewa ya koma zaure ya fi shiru.

"Hadda kike zaton yana yi?" in ji ta. "Ke yake karanta wa."

Na ce ai ba na jin Turanci.

"Ya sani."

Aka kaɗa ƙararrawa. Mai tsaron jarrabawar ya shigo a kan keke, yana bi tsakanin bencunan ba tare da taka feda ba. Malam ne, mijina, da shuɗiyar rigarsa ta zuwa aji, ya yi ƙiba kaɗan. Ban ji tsoro ba. Ya tambaye ni ko an gyara indararon nan, na ce ba a gyara ba. Na roƙe shi ya kira yaron a madadina, tun da shi bakinsa ya saba. Ya ce su aikinsu tsaro ne kawai, an hana su sa baki. Ya ce da ya san tafiyar ta kusa haka, da ya koya mini ko gaisuwar Turanci ce, mu riƙa yi mu uku.

Ƙofar ɗakin jarrabawa ta fara rufe kanta a hankali. Yaron yana tsaye a bakinta cikin sauran yara, ya ba ni baya. Duk bugun ƙararrawa sai ya ƙara tsawo, kafaɗarsa ta buɗe, gemu ya fito masa, ga jakar tafiya a hannunsa wadda ban san lokacin da ya haɗa ba. Na tattara ƙarfina, na buɗe baki. Sunan ya taho har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Kai!"

Duk yaran suka waiwayo, ban da shi.

Ƙarar guga yana dukan bangon rijiya ce ta tashe ni. Na fito na same shi yana cika mini randa, farar rigar makarantarsa na rataye a igiya. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa, sannan na tambaye shi yadda matar nan ta cikin littafinsa ta ƙare. Ya ɗago ya dube ni, gugan na ɗiga a ƙafarsa.

"Ai Umma, adabi tun Laraba muka yi shi. Har na mayar wa mai littafin kayansa."

Na ce to. Ya ci gaba da jan ruwa, ni kuma na shiga madafi na hura wuta, don kada ya tafi bai karya ba.