Ƙahon da Ilarie Ya Rantse Sai Ya Ji

Maƙwabcina Ilarie shi ke sassaƙa wa matan ƙauyenmu tulnik, dogon ƙahon katakon da muke kiran masu kiwo da shi daga kan dutse. Injin tsaga katako ya cinye masa kunnuwa, sai ka tsaya gabansa ka yi ihu. Bara ya yi wa wata mai suna Lucreţia guda, ta busa a taron biki, ya fito da kukan saniya mai mura. Ni ban kai wa kowa labarin ba, sai waɗanda na gamu da su.

Magana ta koma masa. Ya rantse ba ƙahon da zai sake fita gidansa sai ya ji muryarsa da kansa, in ya kasa ya bar sana'ar.

Ran da ya gama sabo ina shanya jikin shingensu, duk da kayan sun riga sun bushe. Matarsa Saveta ta tsoma ƙahon a kwamin ruwan shanu, don busasshen katako ba ya riƙe iska. Ta busa. Karnuka suka ɗauka, dutse ya maido amsa.

Ya ce, “Busa mana, me kike jira?”

Ta yi masa ihu, “Maigida, har fada ya leƙo daga coci.”

Ya shafa haɓa. Ya ce in yana buga kurfin sassaƙa da guduma, a muƙamuƙi yake jin ƙarar. Sai ya kai baki zai ciji ƙahon.

Na ce, “Da me za ka ciza, tsoho? Haƙoran robar naka suna cikin kofi.”

Saveta ta ce, “Rafila, kwashe tsummanki ki ba mu wuri.”

Dasashi bai yi ba. Ya gwada goshi. Daga nan ya durƙusa ya manna ƙashin bayan kunnensa jikin katakon, ya yi mata alama da hannu. Tana busawa yana jan gwiwa cikin taɓo, har ya tsaya wajen tsakiyar ƙahon.

Ya ce, “Nan yake zizar ƙudan zuma. Iska na fita.”

Ya sake ɗaure wurin da ɗanyen reshe, ya tsoma a ruwa, ya mayar da kai. Ta busa. Na ga idonsa ya rufe.

Ya ce, “Ya yi. Gobe ki kai wa Lucreţia. Ƙara busawa.”

Haka ta yi ta yi masa, har tuwon masararta ya kama a tukunya.