Tayoyi Takwas a Kan Rufin Malam Tanko

Duk Kakuri an san Ɗahiru mai facin taya yana son Dije, sai fa baƙon da ya sauka jiya. Shi ba gwanin magana ba ne. In ta biyo ta gaban rumfarsa bakinsa mutuwa yake yi, ƙirjinsa ya riƙa dukan uku-uku kamar injin ba taya iska. Don haka ya bar hannunsa ya yi masa zance. Farkon damina, da iska ta ɗaga kwanon gidan mahaifinta Malam Tanko, shi ne ya turo baro cike da tsofaffin tayoyi, ya hau ya danne rufin da guda takwas. Maƙwabta suka gani suka yaba, ya bi layin yana rabawa kyauta. Tun daga ranar Malam Tanko ya daina ce masa “yaron nan mai faci”, ya koma kiran sunansa. Tafiya ta yi tafiya har aka ce ya turo magabatansa ranar wata Asabar.

Saura mako biyu Dije ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ciwo a bayan ido, gaɓoɓi kamar ana sara. Aka auna, ba maleriya ba ce. Gwaji na biyu ya ce dengi ne, shi ma sauro ke kawo shi. Kwana tara ta yi kafin ta miƙe, kuma masu lura sun ce Ɗahiru ya fi ta ramewa.

Malam Tanko bai tsaya bincike ba, ya ɗora laifin a kan kwatar maƙwabcinsa Joseph. Shekara talatin suna tare, tun suna samari a masaƙa, amma yanzu ko gaisuwa babu. Ya kuma ci alwashi a zaure, Ɗahiru na ji, cewa duk wanda ya yi kiwon sauron da ya kwantar masa da 'ya, to ya gama taka gidansa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Rhoda, 'yar Joseph ɗin, wadda take aikin duba-gari, da tocila da ludayin roba a jaka. Malam Tanko ya ce ai ya san zuwan, ubanta ta zo wankewa. Ta yi dariya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce in kwatarsu ce da kanta za ta kai babanta ƙara. Sai dai, in ji ta, wannan sauron ɗan gayu ne, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, ba ya son ruwan kwata. Ruwan sama mai kyau yake nema wanda ya kwanta a wani abu, kuma da rana tsaka yake cizo.

Ɗahiru ya zo da kankana zai miƙa daga zaure, aka kira shi ciki ya ɗaga mata murfin duro. Ta haska duro, babu komai. Ta leƙa randa, ta kifar da kaskon kaji, ta bi gwangwanayen bayan ɗaki, har farantin da ke tare ruwa a bayan firij ta zaro. Gidan fes. Malam Tanko ya fara gyaran murya irin ta wanda ya ci shari'a.

Shi kuwa Ɗahiru tun da aka ce ruwan sama hankalinsa ya koma kan tayoyinsa. Shekara goma yana juya taya, ya san halinta: ka mirgina ta, ka kifa ta, ka girgiza, ruwan yana nan kwance a cikinta. Ya saci kallon rufi. Ga su can reras, su takwas, kyautar soyayyarsa. Babu wanda ke kallon sama, Rhoda ma ta fara mayar da ludayi jaka. In ya yi shiru, jibi kawunnansa za su zo da goro, Joseph ya ci gaba da ɗaukar laifi.

Dije tana zaune kan tabarma a inuwar rufin nan, mayafinta ya yi mata yawa saboda rama. Ta ɗago ta yi masa ɗan murmushi, irin wanda da zai ishe shi guzurin mako guda. Sai ya ga wani ɗan baƙin abu mai ɗigon fari ya sauka a bayan hannunta.

“Anti Rhoda,” ya ce, “ba ki duba sama ba.”

Shi ya ɗauko tsani, shi ya hau, shi ya zura ludayin a tayar farko. Ya sauko da shi a hankali kamar mai ɗauke da takardar korarsa. Ruwan garau, tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Rhoda ta ce nan da 'yan kwanaki duk waɗannan fiffike za su yi.

“Baba, ni na ɗora su,” in ji Ɗahiru, kansa a ƙasa. “Ba kwatar Baba Joseph ba ce.”

Malam Tanko ya dubi ludayi, ya dubi rufi, ya daɗe yana shafa gemu. Can ya tambayi Rhoda ko sai an sauke tayoyin, don shi dai ba zai sake bin kwanonsa a titi ba. Ta ce a'a, a zubar da ruwan, a huhhuda su ta ƙasa ko a cika cikinsu da yashi, a riƙa dubawa duk mako.

Malam Tanko ya juyo wajen Ɗahiru. “Kai, guda nawa ka raba a layin nan?”

“Arba'in da ɗaya, Baba.”

Dije ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ɗahiru ya tattara ƙarfin hali ya tuna masa alwashin zaure, don gara ya ji hukuncinsa yanzu.

“Wannan alwashin don Joseph na yi shi,” in ji Malam Tanko, yana laluben takalminsa. “Shi kuma ga shi ka ja mini zuwa ba shi haƙuri, zai yi shekara yana mini dariya. Ka gaya wa kawunnanka kada su zo da safe. Su bari sai bayan la'asar, don da safe ɗansu yana kan rufin mutane. Ka fara da nawa.”

Ɗahiru ya taka tsani da gudu har ya kusa zamewa. Yana can sama yana tuntsurar da ruwan tayar farko ya jiyo muryar Dije daga ƙasa, tana ce wa Rhoda ta gaya masa ya bi a hankali, kwanon yana da santsi.