Irin Gero a Rumbun Bulo

Jafaru dai bai taɓa cewa yana son rumbun siminti ba. Ƙanensa Sada ne, direban tifa a wani kamfanin shimfiɗa kwalta, ya shigo Sandamu bayan kakar shekarar fari da mota cike da bulo. Lokacin ƙauye ana yunwa, birni kuwa kuɗin mai sun sa kowa ya raina laka.

Bulon ma abin kallo ne. Fari fat, duk ƙananan ramuka kamar soso, ba nauyi ko kaɗan, mace ma sai ta ɗauki biyu ba ta yi nishi ba.

"Yaya, iska ce a cikinsa, zafi ba ya ratsa shi," in ji Sada. "Rumbun karan nan naka gara za ta cinye. Irin Baba ya wuce a bar shi a kara."

Nan fa Sada ya kama shi. Geron da mahaifinsu ya bar musu mai saurin nuna ne, ko ruwa ya yi gardama sai ya fid da kai. 'Yan dammunan da gona ta bayar bana su ke nan, Jafaru ya ware su na iri, ba mai irinsu a garin. Aka gina rumbu, aka ɗora masa murfin siminti. Tsohon rumbun kuwa, Hussaina matar Jafaru ta hura wuta da karansa.

Da sanyi, wallahi bulon ya cika alkawari. Rana tsaka Jafaru zai zura hannu ya ji ciki sanyi ƙalau, ya koma yana gyaɗa kai.

Sai bazara ta sauka. Zafin ƙasar Daura kuwa ba ya tambayar wanda ya yi bulo. Iska zafi, ƙasa zafi, safiyar ma ba ta hucewa. Bulon ya sha zafi ya ƙoshi, ya shiga turawa ciki, ga shi ba kafar da zai fita. Da hadari ya fara yawo, ramukan nan suka tsotse laima suka riƙe. Ranar da Jafaru ya ɗaga murfi, wani huci ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tukunyar dambu.

To ya kwashe ya kai ina? Ga yunwa, ga jiki ya mutu, ga mutane sun gama yaba rumbu. Ya ce a ransa ai ko'ina ma zafi ake, ya mayar da murfin. Kaico, gajiya ce kawai ta yi masa wannan shawara.

Ruwan shuka ya sauka, suka sussuke rabin irin suka shuka. Gonakin maƙwabta suka yi tsanwa, tasa ko ƙyas. Kullum sai ya ce gobe. Da goben ta ishe shi, ya durƙusa ya tona rami da yatsa. Ga ƙwayoyin nan kwance yadda aka zuba su, sun kumbura sun yi baƙi. Ya tona na gaba, ya tona na gaba, har gwiwarsa ta gaji.

Ya dawo gida ya zube gindin rumbun. Hussaina ta kawo masa ruwa, ta dubi ƙasar da ke hannunsa.

"Ragowar da ke ciki, kwaso ki daka," ya ce. "Ba iri ba ne kuma."

Ta dube shi, kwanon ruwan na hannunta.

"Malam, geron da ka hana ni taɓawa ranar da nonona ya ƙafe, jaririyarmu Nana tana ta kuka har ta daina?"

Bai iya ɗaga kai ba.

"Shi," ya ce.

Ta ajiye kwanon ruwan a gabansa, ta tafi ɗauko turmi.