Shirun da Ya Shigo Ma'aikatarmu

Shekara ashirin da shida ina aiki a ma'aikatar katako da ke wajen garin Quesnel, a bakin injin goge katako. Wanda bai tsaya kusa da shi ba bai san ƙara ba. Ko ka kafa baki a kunnen mutum ka yi ihu, a banza. Don haka da hannu muke magana. Haka muka tarar, haka muka ɗora.

Kowa da alamar sunansa. Abokin aikina Harbans Dhaliwal, a shafa gemu. Ni Wendell, a taɓa hanci, don Allah bai yi mini rowarsa ba. Da hannu muke zagin juna, da hannu muke gulmar manya, da hannu Harbans ya sanar da ni 'yarsa ta haihu. Ranar da matata ta kwashe kayanta ta koma Alberta, daga nisan taku talatin na gaya masa. Ya dafa ƙirji, ya ci gaba da jera katako. Hakan ya ishe ni.

Bara kamfani ya kawo mutane suka gina wa injin ɗaki. Bango mai kauri da aka cusa wa wani abu kamar auduga, taga mai gilashi biyu, ƙofa ta baya mai nauyi kamar ta firjin mahauta. Katako ya shiga ta wata kafa, ya fita ta wata. Ogarmu Marlene Tkachuk ta tara mu, ta nuna mana lambobi a wata 'yar na'urar auna ƙara. Na gyaɗa kai kamar kowa.

Da aka tada injin, ƙarar ta koma kamar ta babbar mota a bayan dutse. Mutane suka cire abin toshe kunne suna kallon juna suna dariya. Kafin sati ya fita, hannaye sun kwanta. Kowa ya koma baki.

A nan na ga abin da na daɗe ina kau da kai a kansa. Kunnuwana sun riga sun tafi. Da can dukanmu kurame ne na awa takwas, ba wanda ya fi wani. Abincin rana a motata nake ci, an ɗauka halina ne. Gida kuwa ni kaɗai ne. Yanzu sai in ga bakin Harbans na motsi, mutum uku sun fashe da dariya, ni ina tsaye da katako a hannu. In yi tawa dariyar a makare.

Wata rana ya tako har inda nake, ya ɗaga murya.

"Kai, Hanci! Tun ɗazu nake magana. Ko mutuniyar Alberta ce ta faɗo maka a rai?"

"Maganarka ce ba daɗi," na ce. "Da hannu ka fi hankali."

"Ji tsohon banza. Shekara ashirin ban san muryarka ta bunsuru ba ce."

"Ni ma da na san haka kake da surutu, da tuni na nemi canjin wuri."

Ya koma wurinsa yana dariya. Daga can ban sake jin komai ba har aka tashi.

Ni nake shiga ɗakin da safe in canza wuƙaƙen injin. Wata Laraba da na fito, na tura guntun katako a bakin ƙofar, ta ƙi rufuwa. Faɗin tafin hannu kawai. Tarin katako ya kare wurin, ba mai gani. Ƙara ta fito kamar da ma jira take. Mutane suka yamutsa fuska, suka mayar da abin kunne. Kafin ƙarfe goma hannaye sun tashi. Harbans ya ce tumbina ya riga ni shiga wata mai zuwa, na ce rawaninsa ya matse masa ƙwaƙwalwa. Kwana uku ina haka. Marlene tana ta kiran waɗanda suka gina ɗakin tana zazzaga musu faɗa. Ni kuwa rabon da in ji daɗin aiki irin haka na manta.

Ranar Litinin na sa katakon, na juyo, sai ga Harbans a tsaye. Da hannu ya yi mini magana. Ya nuna katakon. Ya nuna kunnensa. Ya yi alamar yarinya ƙarama, jikarsa ke nan, sannan alamar magana. Wato tun da aka rufe injin, in ya koma gida kunnensa ba ya kuka, yana jin abin da take ce masa. Sai ya taɓa hanci, ya nuna kunnena, ya gyaɗa kai. Ya san kunnuwana sun tafi.

Na tambaye shi da hannu, tun yaushe? Ya ɗaga yatsu biyar. Shekara biyar.

"Kuma ka yi shiru?" na ce.

Ya matso har gemunsa na gogar kafaɗata.

"Wa ya isa ya gaya maka abu, Hanci? Kanka ya fi ƙofar nan tauri. Ba zan kai ƙararka ba. Amma ba zan kurmance don in taya ka zama ba."

Na sunkuya na zare katakon. Ƙofar ta rufe da kanta, a hankali.

Daga nan ofishin Marlene na wuce. Na ce ni ne nake buɗe ƙofar, kuma ta sa sunana a wurin masu gwajin kunne. Ta daɗe tana magana, fuskarta ta yi ja. Na ce mata ko rabi ban ji ba. Sai ta jawo takarda ta rubuta: dakatarwar kwana uku a gida, asibiti ranar Alhamis ƙarfe tara.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ƙarfe takwas na safe, motata ce kaɗai ta bar wurin ajiye motoci.