Falle Ɗaya a Gefen Direba

Tun da Baba ya rasu, a-kori-kurarsa ta ɗauki wani sabon hali. Da zarar Auta ta hau miƙaƙƙen titi, sai motar ta fara zamewa dama a hankali, kamar mai gyangyaɗi yana neman kafaɗar da zai jingina. Auta ba ta gaya wa kowa ba, domin gaskiyar magana daɗin abin take ji. Haka Baba yake yi lokacin da yake koya mata tuƙi: ya miƙo hannu ya ɗan ja sitiyarin zuwa gefen hanya. Shi ya sa duk sanda motar ta ja, sai Auta ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar lambu da ba ta rabuwa da rigarsa, har wani lokaci ta tsinci kanta tana cewa, "To Baba, na gani."

Ana nan, ran nan ta ɗauko dashen lemo da furanni daga lambun Baba za ta kai wa masu saye. Tunani ya kwashe ta, motar ta yi halinta, taya ta faɗa lambatu, tukwanen dashen suka farfashe. Ko ƙwarzane Auta ba ta yi ba, amma Mama ta karɓe makulli.

"Na rasa miji, ba zan rasa 'ya ba," in ji Mama. "Ko a gano ciwon motar nan a gyara, ko a sayar da ita. Kin ji na gaya miki."

Mama kuwa ba ta magana biyu. Da kanta ta miƙa makullin ga Kawu bakanike, wanda ba ƙanenta ba ne, aminin Baba ne tun suna samari.

Kawu mutum ne da ba ya tambayar mai mota komai, wai masu mota duk maƙaryata ne, motar ce ke faɗin gaskiya. Ya shafa tayoyin gaba da tafin hannu, ya ji gefe guda ya fi cinyewa. Ya duba iska, daidai take. Ya ɗaga gaban da jak, ya rungumi taya ya girgiza ta hagu da dama, sama da ƙasa, ko motsi babu. Ya sauke, ya danna kowace kusurwa da ƙarfinsa ya saki, motar ta taso ta tsaya cak ba ta yi lilo ba. Ya murza sitiyari yana kasa kunne, shiru.

Auta tana kallo daga kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine a bango. Hasken rana na zubowa ta hujojin kwanon rufi, ɗigo-ɗigo a kan baƙin mai, ga wata fanka na juyawa kamar an sa ta dole. Tana son a gano ciwon, tana kuma tsoron a gano. Barci ya ɗan sace ta. Ta ga motar na tafiya a kan ruwa, dashen lemon da ke baya sun girma sun yi inuwa har kan gilashi, Baba na zaune a cikinsu yana ɓare lemo, yana yi mata nuni da haɓa: dama, dama.

Dariyar Kawu ce ta tashe ta. Ya ja da baya can bakin ƙofa, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya.

"'Yata, zo ki gani. Motar nan kafaɗa ɗaya ta ɗaga."

Ta tsuguna kusa da shi. Ai kuwa gefen direba ya fi ɗayan tashi. Kawu ya haska mata ƙarƙashin bodi, inda fallayen ƙarfe na sifirin suke jere, ɗaya kan ɗaya. Na gefen direba ya fi ɗan'uwansa da falle guda.

"Aikina ne wannan," in ji Kawu, yana shafa ƙarfen. "Babanki, Allah ya jiƙansa, ba a banza muke ce masa Giwa ba. In ya shiga mota, kuka take yi. Shi ne na ƙara masa falle a gefensa. Ni kuma kin san ba na saita ƙafafun mota sai mai ita na zaune a ciki. Nan yake hakimcewa da jaridarsa, ina ƙasa ina gumi, yana ce min in yi sauri."

"Wato motar lafiyarta lau?"

"Ƙalau, in akwai Giwa a kujera. To ke fa? Kazar gidanku ta fi ki nauyi."

Auta ta yi dariya, sai kuma ta gane. Ashe ba hannun Baba ne ke jan ta ba, rashinsa ne. Wata irin kewa ta taso mata wadda ko ranar rasuwar ba ta ji ba.

"Kawu, in aka bar fallen fa? Sai in riƙa ajiye buhun ƙasa a bayan kujera."

Kawu ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Buhu nawa za ki ɗora? Ran da kika manta kuma fa? Ni ba zan yi wa mamarki ƙarya ba, 'yata. In kin ce a bari, a bari. Amma makullin ita zan mayar wa."

Fankar ta yi ta juyawa. Auta ta dubi kujerar direba, wadda har yanzu tsakiyarta a lotse take.

"Cire, Kawu."

Sai bayan la'asar ya gama. Ya ce ta hau ta zauna, ta riƙe sitiyari a miƙe. Tana jin ƙarar sifana a ƙarƙashinta, tana jin motar na ɗan motsawa, ana saita ta da nauyin Auta, wanda bai kai ya kawo ba. Da ya fito ya jefa fallen cikin tarin ƙarafa. Auta ta sauko ta ɗauke shi, duk da tsatsa da giris, ta kwantar a kujerar gefe. Kawu ya kau da kai, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

A miƙaƙƙen titin nan ta sassauta yatsunta, ta jira. Motar ta miƙe santal. Ta ƙara sassautawa, ta ƙara jira, babu wanda ya ja ta. Hanya ta fara rawa a idonta saboda hawaye. Ta kunna sigina, ta karkata sitiyarin dama da hannunta, ta gangara gefen hanya ta tsaya. Ƙarfen da ke kusa da ita ya ɗan yi ƙara a kan kujera, sannan ya yi shiru.