Ragowar Maɗin Arlo

Tun ranar da mijina Arlo ya dasa bishiyar nan a bayan gidanmu nake gaba da ita. Muna sabon aure ya tumɓuko ta a bakin kogi, 'yar siririya kamar tsinken tsire, ya ce sunanta mepul ta azurfa, kafin yara su yi wayo sun samu inuwa. Bai yi ƙarya ba. Kan ka ce kwabo ta wuce rufin gida, in iska ta kaɗa sai ganyenta ya juya farin cikinsa yana walƙiya, masu wucewa su tsaya suna yaba kyanta. Su da yake ba su ke zaune da ita ba.

Reshenta ba ƙwari, iska kaɗan sai ki ji ɓaras a kan mota. Saiwoyinta sun ɗaga simintin ƙofar baya. Watan Mayu kuwa sai ta zubo 'ya'yanta masu fiffike su cika indararo, su tsiro a can sama, gida ya yi gemu. Duk na shanye. Amma ranar da saiwa ta toshe bututun banɗaki, abin da muka tura ya dawo mana, matan ƙungiyar ɗinki ta coci kuma suna zaune a falona da kofin gahawa a hannu, ranar na ce tura ta kai bango.

"Gobe zan kira Duane ya zo da zartonsa," na ce wa Arlo.

"Haba Verna, tare fa muka tsufa da ita."

"To ta dafa maka abincin dare. Me ta taɓa tsinana mana ban da hayaniya da mai gyaran famfo?"

Ya murza hularsa, ya ce, "Maɗi. Za ta yi maɗi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Kowa a garinmu mepul ta sukari yake hudawa, ya tari ruwanta ya dafa maɗi. Ta azurfa ruwanta tsululu ne, sai ka ƙone itacen duniya kafin ka samu na lasa. Amma Arlo ya kafe, har muka yi yarjejeniya. Zai kai maɗinsa kalacin fanke da coci ke yi duk Afrilu. In kwalbar ta dawo gida fayau, na rufe bakina har abada. In ko cokali ɗaya ya rage, bishiya ta zama itacen murhu.

Sai ciwon bayansa ya tashi daidai lokacin huda, ya kwanta. Kafin ya miƙe dusar ƙanƙara ta narke, bishiya ta yi jajayen toho. Ita dama ta riga kowace bishiya toho, kuma da zarar ta yi, ruwanta ya lalace. Maƙwabcinmu Elmer, wanda tun kakansa suke dafa maɗi, ya leƙo ta kan shinge ya tarar da Arlo ya huda bishiyar yana rataya bokitin tarar ruwa. Ya dubi tohon nan, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, kowa da yadda yake yi." Mu a nan ba a ce wa namiji ya yi kuskure a tsakar gidansa.

A kicin ɗina ya dafa. Tururi ya cika gida har takardar bango ta saki ta rataye kamar kunnen akuya. Da ya gama ya ɗura a ƙatuwar kwalba ya ɗaga ta a taga, launinta gwanin sha'awa. Bai ɗanɗana ba, don yana da ciwon suga, kuma Arlo ya fi jin maganar likita a kan ta Fasto. Da ya fita na tsoma yatsa na lasa. Wayyo Allah. Kamar an jiƙa tsohuwar safa a ruwan kabeji an zuba sukari. Na wanke bakina, na shiga ɗaki na taka 'yar rawa.

Ranar Lahadi bayan sujada muka gangara ɗakin ƙasa na coci. Arlo ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya dire kwalbarsa a tsakiyar tebur, ya tsaya a kanta. Fasto Lindahl ne ya fara zuwa. Ya tuttula wa fankensa har yana ninƙaya, ya kai baki. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar, ya dafa kafaɗar Arlo.

"Ɗan'uwa Arlo, Ubangiji ya albarkaci hannunka."

Fasto guda, a cikin coci, da ranar Lahadi!

Shi ke nan kuma, tunda Fasto ya zuba, wa zai tsallake? Norma matar Elmer ta zuba, ta tauna, jijiyar wuyanta ta miƙe, ta ce, "Kai Arlo, ashe da ka ɓoye mana kanka." Elmer ya cinye nasa tas, ya kora da gahawa kofi bayan kofi, ya ce ranar ta yi kyau. Arlo na bin tebur yana tambaya, "A ƙara?" su kuma suna miƙa faranti kamar masu karɓar allura. Ba wanda ya bar ko ɗigo a faranti, don kada ran maƙwabci ya ɓaci. Ina kallon kwalba tana sauka. Na ce a raina, munafukan garin nan za su ja mini.

Sai ta kai ƙasa, saura kamar kaurin yatsa biyu, ta tsaya cak. A garinmu ba a cin na ƙarshe. Ko alkaki ɗaya ya rage a tire sai a raba shi biyu, rabin ma a sake rabawa, ɓurɓushin ya koma gidan mai shi. Arlo ya ɗauki kwalba ya shiga zagaye.

"Norma, ƙarasa mana wannan."

"A'a, wallahi na ƙoshi, a bar wa wani."

"Fasto?"

"Ina! Ai akwai waɗanda ba su samu ba."

Kowa ya samu, kuma ban taɓa ganin mutane sun riƙe al'ada da farin ciki irin na ranar ba. Duane mai zarto ya matso kusa da ni yana sakace, ya ce ƙasa-ƙasa, "Verna, Talata ina da sarari."

Arlo ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ajiye kwalbar a gabansa. Bai roƙe ni ba, bai iya ba.

"Ki ce wa Duane ya zo," ya ce. "Amma ki bari sai ranar da na je asibiti ganin likita. Ba na so ina gida."

Na ci nasara, amma sai na ji tausayinsa ya rufe ni, haushi kuma ya kama ni da na ji tausayin. Ina cikin haka sai na ga hannunsa yana rarrafe wajen kwalba, ya ɗaga ta zai kai baki. Na kai wa hannun duka.

"Kai tsohon nan, kashe kanka za ka yi a kan itace? Kawo nan!"

Na fizge, na rufe ido, na kafa kai. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai maƙwat-maƙwat ɗina. Na dire kwalba fayau, hawaye na bin kumatuna. Norma ta miƙo mini gahawa.

Arlo ya daɗe yana kallona, idonsa shi ma ya cika. Ya kama hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe haka kike son sa, Verna? Ki kwantar da hankalinki. Baɗi naki daban zan dafa, kwalba guda, ba mai taɓa miki."