Makin Kallon Ido

Amobi ya kama haɓar Bobbo ya ɗaga ta sama, a tsakiyar Kasuwar Gombe, layin masu tumatur.

"Kalli matar can. Cikin ido. Yi mata ciniki da Turanci."

Bobbo ya kalle ta, nan take idonsa ya zame ya faɗa kan tattasai. Amobi ya yi ta dariya har sai da ya dafa baron wani ɗan dako.

Matsalar ke nan. Bobbo yana karatun koyar da kimiyya a jami'a, kuma bara kwas ɗin Turanci da dabarun karatu, wanda ya zama dole ga kowa, ya kayar da shi. Ba a rubutu ya faɗi ba. Madam Juliana, malamar kwas ɗin, takan sa kowa ya tsaya gaban aji ya yi bayani da baki, kuma kaso mai tsoka na makin na kallon ido ne. Bobbo ya yi bayaninsa tsaf, amma takalmansa ya yi wa. A gidansu can Hammadu Kafi, gidan Fulani, yaron da ya kalli babba a ido ba shi da tarbiyya. Idan ya sake faɗuwa bana, 'yan ajinsu za su tafi koyarwar gwaji su bar shi.

Shi ya sa Amobi, abokinsa haifaffen Bolari, ya naɗa kansa malami. Ya sa shi ya kalli mai rake. Ya sa shi ya kalli mai tuƙa Keke mai ƙafa uku ta madubi, har mutumin ya tsaya ya duba ko tayarsa ce ta sace. Wata Hajiya kuwa ta tambaye shi ko ƙaho ya gani a kanta. Daga ƙarshe Amobi ya ba shi laƙani: ya riƙa kallon karan hanci, ba mai ganewa.

"Kai Bafulatani, kunyarka ajiye ta a ƙofar aji kamar takalmi a masallaci. In ka fito ka ɗauka."

Ranar da layi ya zo kansa, Bobbo ya tashi ya tsaya gaban aji. Bayaninsa kan yadda sabulu ke cire maiƙo ne. Ya nemo karan hancin Madam Juliana ya kafe shi, ya fara zuba Turanci. Ko ƙiftawa bai yi ba. Madam ta gyara tabarau. Ta shafa fuska ko wani abu ya maƙale. Ta matsa gefe, idon ya bi ta. 'Yan baya suka fara ƙunshe dariya.

Da abin ya ishe ta sai ta ɗaga hannu, ta ajiye Turancin gefe.

"Ɗana, raba wa sauran mana. Ni kaɗai za ka cinye?"

Aji ya kece. Bobbo ma ya ji dariya ta kufce masa, tsoron ya bi ta ya fita. Ya shiga bin su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba goron ɗaurin aure, har ya kai ƙarshen bayaninsa. Madam ta ce ya haye, ta kuma roƙe shi ya tausaya wa yaran da zai koyar.

A waje kamar an kwance ɗan maraƙi. Ya kalli mai gadi, ya kalli mai awara. A bakin titi ya tsaya suka yi kallon-kallo da wata akuya, ita ta fara kau da kai, Amobi ya rantse zai ba da shaida ko a kotu. A cikin Keke suka riƙa yi wa juna Turancin Madam, mai Keken yana cewa Allah ya shirya.

Bayan la'asar ya isa gida. Baffa, mahaifinsa, yana zaune kan tabarma a zaure. Bobbo ya durƙusa ya gaishe shi, ya hau ba da labari, baki har kunne. Yana cikin zuba ya manta, ya ɗaga kai.

Idon Baffa na hagu ya yi fari fat, wata yana ta lulluɓe shi.

Ya tambaya tun yaushe. Baffa ya ce an kwana biyu, tun kafin Bobbo ya shiga jami'a abin ya fara, kuma ba ciwo yake yi ba. Ya ja carbi, sannan ya ƙara da cewa:

"Ashe abin da ake koya muku ke nan."

Wuyan Bobbo ya so ya sunkuya da kansa, kamar kullum. Ya riƙe shi.

"Baffa, gobe za mu je asibiti."

Baffa ya daɗe yana dubansa da ido ɗayan. Sannan ya mai da kansa ga carbinsa, ya ce to, a fita da wuri kafin layi ya yi tsawo.